Yahuza da Gayyar da Ba Ganga

Duk wanda ya ci kasuwar Yankara a shekarun baya kuma ya ce bai san Yahuza na Tudun Kanya ba, to bai taɓa leƙa layin maƙera ba. Can za ka same shi tsugune, ya ɗauki garma yana ƙwanƙwasa ta da farce, ya kara a kunne, ya ajiye, ya ɗauki wata. Maƙera sun gaji da shi, amma ba su da yadda za su yi, domin garmar da Yahuza ya saya, irinta mutum arba'in za su zo nema. Sarkin Gayya ake ce masa. Ba wanda ya naɗa masa rawani, sarautar ba ta da komai sai ciwon baya da goron safe, amma shi bai taɓa ganin abin da ya fi ta daraja ba.

Gadonta ya yi daga ubansa, Malam Mani. A Tudun Kanya in damina ta kankama, ciyawa ta fara taso wa shuka, ba mai noman gonarsa shi kaɗai. Maza ne kusan arba'in ke taruwa, yau gonar wane, gobe ta wane, mai gona ya kawo fura da tuwo. Tsarin kuwa na shekaru ne: dattijo farko, sannan mai bi masa, har a sauko kan angon da ya fita gandu bana. Haka aka tarar, haka kowa ya sani.

Sai kuma ganga. Mai ita Baba Ɗanasabe ne, tsoho daga gidan Maguzawan bayan rafi, aminin Malam Mani tun suna kiwon awaki. Da an sallame sallar asuba zai ratso gari da gangarsa, ƙofa ƙofa, yana kiran sunan kowa. A gona ya bi bayan manoma yana yi wa na gaba kirari. Da yamma kuma, in akwai wanda ya ƙi fitowa ba da dalili ba, sai Baba ya je ya tsaya daidai ƙofar gidansa ya saki zambo: wane mai ciwon ƙugu ranar gayya, mai lafiya ranar tuwo. Mata su leƙo ta saman danga suna dariya, matar gidan ta rasa inda za ta sa kanta. Ana ɗaukar abin wasa, kuma wasan ne, amma ban taɓa jin wanda aka yi wa sau biyu a damina ɗaya ba.

Yahuza na da shekara goma sha bakwai Baba ya yi masa take. A gonar Liman ne, ya wuce manya uku a kan kuyyar noma, sai tsohon ya juya ganga ya ce, “Na Mani, rana ta tarar da kai a tsakiyar aiki!” Yahuza ya sha faɗa cewa ko ranar aurensa da Mero bai ji daɗin da ya ji ran nan ba, kuma yakan faɗa a gaban Meron, ita kuwa ta ce ai ta sani, garma ce uwargida. Sau ɗaya ya taɓa fita cin rani zuwa Kaduna, ya yi kwana goma sha tara ya dawo, wai ruwan can ba ya kashe ƙishirwa. Gonarsa tana Gindin Dutse, ita ce mafi nisa a gonakin garin, tafiyar fiye da awa guda ta wajen daji. Jar ƙasa ce mai albarka. A shekarar kirki dawar da take bayarwa takan cika rumbu biyu har a ba maƙwabta.

To, kowa ya san abin da ya sami ƙasarmu. Mutanen daji suka fara da shanu, suka koma kan mutane. Aka fara ɗauke manoma daga gona da rana tsaka. Wata ranar kasuwa, kafin damina ta faɗi, Yahuza ya haɗu da wani Kamilu na ƙauyen gaba da su, wanda aka sace a wajen gayya ya yi wata biyu a daji. Yahuza ya yi masa jaje, ya tambaye shi yadda aka yi suka san inda suke. Kamilu ya ce shi ma ya tambaye su. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce, gangarku muka biyo, tun daga bayan dutse muke jin ta.

Maganar nan ta zauna wa Yahuza a ƙirji. Ya koma gida ya tarar Mero ma da tata maganar. Yayanta da ke Funtua ya aiko cewa akwai ɗaki, su taso tun da sauran mutunci.

“Malam, mu tahi,” in ji ta. “Gidan Abdulganiyu sun tashi, gidan Suwaibatu sun tashi. Mi muke jira?”

“Dawa muke jira,” ya ce. “In Gindin Dutse ta cika mana rumbu bana, muna nan. In ba ta cika ba, ni da kaina zan ɗora maki kayanki a mota, ba zan ƙara cewa uffan ba.”

“Ka faɗa da bakinka.”

“Na faɗa.”

Daga nan ya zauna ya yi tunanin yadda za a sake wa gayya tsari, kuma wallahi ba tunanin banza ya yi ba. Ya ce ganga a bar ta, a yi aiki shiru. Ya ce a daina bin shekaru, a fara da gonakin bakin gari, a riƙa matsawa waje sannu a hankali ana lura da yadda daji yake. Ya ce a tashi kafin azahar, a dawo tare, mutum biyu su tsaya kan tudu suna duba hanya. Bai kuma tara mutane ya yanke masu hukunci ba, ya san halin garinsu. Gida gida ya bi. Ya fara da Mai Gari, ya je wa Liman, ya zauna da matasa a gindin ɗorawa, har matan da ke dafa tuwon gayya sai da ya sa Mero ta ji ta bakinsu. Da ya zauna da dattawa sai suka yi ta ƙorafi, wai yaushe aka taɓa noma gonar yaro kafin ta ubansa. Yahuza ya ce masu, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Da ya ga ba su gamsu ba sai ya jefa abin da ya rufe bakin kowa.

“A sabon tsarin nan gonar wa ce ta ƙarshe?” ya tambaye su. “Tawa ce. In akwai cuta a ciki, ni za ta fara ci.”

Sai Liman ya ce Allah ya sa albarka. Kowa ya tashi yana cewa Sarkin Gayya ya yi dattako.

Mutum ɗaya ne bai je wa ba, kuma shi ne wanda ya fi kowa cancanta. Sau uku Yahuza yana kama hanyar gidan Baba Ɗanasabe, sau uku yana kaiwa bakin rafi ya juyo. Ta yaya zai dubi aminin ubansa, wanda ya yi masa take, wanda ya yi shekara hamsin da ganga a kafaɗa, ya ce masa Baba, gangarka ce ke kiran ɓarayi? Nauyi ya hana shi. Mero ta ce ya je ko da ba zai iya ɗaga kai ba. Ya ce gobe. Ya yi ta sa rai wani zai kai wa tsohon labari, kowa kuma a garin yana zaton Yahuza ya riga ya je, tunda ya je wa kowa. Irin wannan kunyar tamu, da ita muke cutar waɗanda muka fi ganin girmansu.

Ranar gayyar farko, mutane sun taru a bakin gari da fartanyu a kafaɗa, sai ga Baba ya ɓullo ta hanyar rafi. Ya sa wa gangar sabuwar fata, ya shafe ta da man shanu tana ƙyalli. Yana tafe yana mitar wai an fita ba a jira shi ba. Ya ɗaga makaɗi zai buga, wani matashi mai suna Bilya ya yi saurin cewa, “Baba, ai an hana.”

Tsohon ya tsaya da hannu a sama. Ya dubi Bilya, ya dubi sauran, sannan ya nemo Yahuza da ido.

“Na Mani, wa ya hana?”

Yahuza ya tsuguna. Ya fara bayanin Kamilu da mutanen daji, yana in-ina, a gaban mutum talatin da bakwai. Baba ya saurara har ya gama.

“Yaushe kuka yanke?”

“Ya kai sati uku, Baba.”

“Sati uku. Shekaranjiya na yanka akuyata saboda fatar ga.” Ya sauke hannunsa a hankali. “Allah shi ba da sa'a.”

Ya juya ya koma ta hanyar da ya fito. Ba wanda ya bi shi. Yahuza ya so ya tashi ya bi shi, amma rana tana ɗagawa, ga mutane na jira, ya ce a ransa zai je da yamma. Da yamman ma bai je ba.

Aka yi aikin ran nan shiru, ba ka jin komai sai ƙarar fartanya da tarin wani. An gama gonar kafin azahar, an dawo lafiya. Yahuza ya ji sanyi a ransa, ya ce wa Mero kin ga abin ya yiwu. Sati na farko haka aka yi ta yi, gonakin bakin gari suka yi fes.

A sati na biyu ne ya fara lura da cewa layin ya rage tsawo. Waɗanda aka gama wa gonakinsu ne suka fara janye jiki. Wannan ya ce matarsa ba lafiya, wancan ya ce an aike shi Faskari. Bilya, wanda gonarsa ce ta uku da aka nome, ya wayi gari da ciwon ƙugu, aka kuma gan shi da la'asar ya ɗauko buhun taki a kai. Da can da tuni Baba ya tsaya a ƙofar gidansa an sha dariya, washegari kuma shi zai riga kowa fitowa. Yanzu ba abin da ya faru. Ya ƙi zuwa, gari ya waye, rana ta faɗi, ba wanda ya ce masa kanzil. Sauran suka gani.

Yahuza ya koma kiran mutane a waya. Amma waya ana kashe ta, ko a ce ba caji, ko a ce ba a ji ba. Ya bi ƙofa ƙofa da kansa yana sallama, sai a turo mace ta ce ya fita. Shi ba maroƙi ba ne, ba zai iya tsayawa a ƙofar ɗan'uwansa ya yi masa zambo ba, in ya yi faɗa ne, ba wasa ba. Daga talatin da bakwai aka koma ashirin da biyar, aka koma goma sha huɗu. Abin takaicin, yadda ake raguwa haka ake ƙara nisa da gari. Mutum goma sha huɗu a gonar da ke bakin daji, biyu kuma suna gadi, kowa yana noma yana waige. Waɗanda suka rage su ne masu gonakin nesa, kuma suka fara kallon Yahuza da wani irin ido, domin sun yi wa wasu aiki an bar su da ciyawa.

Sha'ibu, mai gonar da ke kafin ta Yahuza, ya gaji da jira. Ya ga ciyawa na shirin shaƙe masa masara, ya ɗauki fartanya ya tafi shi kaɗai. Da azahar aka tsinci takalminsa ɗaya da gorar ruwansa a bakin kuyya. Bayan wannan, ko mutum biyar Yahuza bai ƙara tarawa ba.

Sai da aka kwana biyu a haka sannan ya ƙetare rafin. Ya tarar da Baba zaune a inuwar rumbu yana tufka igiya, gangar na rataye a jikin bango, ƙura ta hau ta. Yahuza ya cire takalmi ya zube ƙasa, ya ce ya zo neman gafara, ya faɗi duk abin da ya faru, bai ɓoye komai ba.

“Na ji duka,” in ji Baba. “Labari shina ƙetare rafi, kai ne ba ka ƙetarewa.”

“Nauyinka na ji, Baba.”

“Nauyina ka ji, shi ya sa ka bari yaro ya gaya mani a gaban jama'a.” Ya ci gaba da tufkarsa. “Ka yi gaskiya a kan gona. Ni ma na ji labarin Kamilu, kuma da ka zo da ni zan ce a bar kiɗa a daji, ina da jikoki. Amma wa ya ce maka a gona ganga ke aiki? Na gona daɗi ne kawai. Aikinta shina cikin gari, da sahe a ƙofar mutum, da marece a ƙofar mutum. Ɓarayi sun san inda garinku yake, ba sai ganga ta gaya masu ba. Da ka ce, Baba, kaɗa a gari ka tsaya a bakin ganuwa, da yanzu an gama noman farko har da maimai.”

Abin da Yahuza ya yi wata biyu yana nema, ga shi a bakin tsohon da ke tafiyar minti goma daga gidansa.

“Ubanka ma ya sha sake tsari,” Baba ya ƙara. “Shekarar fari ya sake, shekarar da aka kawo shanun huɗa ya sake. Amma nan yake fara zuwa, ya zauna inda kake zaune.”

Duk da haka tsohon bai ƙi shi ba. Washegari da safe ya sauko da gangar ya shigo gari, ya bi ƙofofi yana kiran sunaye kamar da. Sai dai garin ba na da ba ne. Tun ɗauke Sha'ibu gidaje tara suka tashi. Baba ya tsaya a wata ƙofar ya yi ta kira, sai ya lura an jingina ƙaya a bakin zaure, ya wuce gaba. Mutum shida suka fito. Bilya na cikinsu, kansa a ƙasa.

Suka bar Baba a bakin gari suka nufi Gindin Dutse. Yahuza rabonsa da gonar tun ranar shuka, kwana hamsin da wani abu. Da suka hau tudun ƙarshe ya tsaya yana neman dawarsa bai gan ta ba. Ciyawa ce har ƙirji, kore shar, ta sha ruwa ta sha takin da ya zuba. Sai da ya buɗa da hannu sannan ya ga dawar a ƙasa, 'yar siririya, ganyenta ya yi rawaya. Manomi ba ya buƙatar a gaya masa. Amma ya tofa yawu a tafi ya sunkuya, sauran suka bi shi. Mutum bakwai, ɗaya yana gadi, suka yi ta fama har rana ta take, ba su ci kashi ɗaya cikin biyar ba. Can suka ji ƙarar babura ta bayan dutse. Ko na ɓarayi ne ko na masu wucewa, ba wanda ya tsaya dubawa. Ba a sake komawa ba.

Da kaka ya je shi da Bilya suka yanko abin da ya samu, dami tara. Ya jera su a tsakar gida, Mero ta fito ta duba. Ba ta tuna masa alkawari ba, shi ma bai jira ta tuna masa ba. Ya ce ta fara haɗa tukwane.

Ranar tafiya motar ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Yahuza na ɗaure katifa a bayanta, sai ya hango Baba Ɗanasabe tafe da ganga a kafaɗa. Ya saki igiyar. A al'adar gayya, wanda ya gudu ya bar 'yan'uwansa shi ake wa zambo mafi zafi, kuma ga Sarkin Gayya da kansa yana loda kaya. Ya ji a ransa gara a yi masa. Ya je ya tsuguna a gaban tsohon.

“Kaɗa mani, Baba. Na cancanta.”

Baba ya waiga dama, ya waiga hagu. Layin gidajen duk ƙaya ce a bakin zaure, ciyawa ta fito a kan dakalin da dattawa ke zama. Ba mace ko ɗaya a bayan danga.

“Zambo sai da masu dariya, na Mani,” ya ce. “Wa zai ji?”

Ya sauke gangar daga kafaɗarsa, ya ce ɗansa zai zo ya ɗauke shi jibi zuwa Sabuwa, kuma can an gaya masa ɗakin ba shi da wurin rataye ta. Ya miƙa wa Yahuza.

Yanzu Yahuza yana Funtua, yana dakon buhunan masara a kasuwa, masarar wasu. Shekararsa hamsin da huɗu. Gangar tana ƙarƙashin gado a ɗakin da yayan Mero ya ba su, tare da garmarsa. Sha'ibu ya dawo bayan kwana arba'in, an ce yana Kankara, ba su haɗu ba. In ruwan farko ya sauka, Mero ta ce yakan jawo gangar ya share mata ƙura da gefen rigarsa, ya mayar da ita. Bai iya kaɗawa ba, bai taɓa koya ba.